Shayin da Baba Muntaka Ya Bari Saboda Karkataccen Layi

Duk mai fitowa bayan sallar asuba a unguwar Gardole ya san kekensa tun kafin ya san sunansa. Baƙin keke ne, tsoho, sarƙarsa tana kuka tun daga kwanar masallaci. Baba Muntaka yakan naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya hau, ya bi ta gaban teburin mai shayi inda dattawan unguwa suke jere a kan benci. Yakan ɗaga musu hannu, amma ba ya tsayawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wucewa ta nan, ba a taɓa ganin kofi a hannunsa ba. A garin da ba a gama gaisuwa sai an ɗora buta a kan gawayi, wannan kaɗai ya isa a yi wa mutum kallon mai wata lalura.

A bayan gari akwai wata ƙaramar tashar auna yanayi, ɗaki biyu da rumfa mai dogon rufi da fili. Can yake zuwa. Aikinsa shi ne ya hura wani ƙaton balam-balam na roba, wanda a wurin aikin suke kira balo, da iska marar nauyi, har ya fi shi tsawo. Sai ya ɗaura masa wani ɗan farin akwati da doguwar igiya, ya fita fili, ya duba inda iska ta dosa, ya yi bisimilla, ya saki. Akwatin yana hawa yana aiko da labarin zafi da sanyi da gudun iska, labarin yana fitowa a matsayin layi, da can a kan takarda, yanzu a fuskar kwamfuta. Idan balon ya kai can ƙololuwa sai ya kumbura ya fashe. Gobe a hura wani.

Alhaji Mijinyawa, abokinsa na ƙuruciya mai shagon yadi a unguwar Marjandafak, bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. "Mai balo," yakan ce masa, "yau ma ka aika wasiƙa sama? Sun ba ka amsa, ko har yanzu suna shawara?" Baba Muntaka sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kai da kake sayar da yadi gajere ka ce ya cika, ina ruwanka da sama?"

Yanzu da zai ajiye aiki a ƙarshen daminar nan, na ga ya wajaba a rubuta abin da wannan bawan Allah ya ɗauka a kansa duk tsawon shekarun nan, domin mu da muke unguwa ɗaya da shi mun yi ta dariyar kekensa ba mu san komai ba.

Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari, zangon ya zama gida. Abin da ya bar wa zuriyarsa bai wuce wani ƙulli ba, irin na ɗaure kaya a bayan jaki, wanda ba ya kwancewa sai ka ja bakinsa ɗaya. Da shi Muntaka ya fara ɗaure akwati a jikin balo lokacin yana saurayi. Bai daɗe da fara aiki ba ya lura da wani abu. Layin da akwatin yake aikowa yakan tafi sumul har balo ya wuce gajimare. Idan ya yi nisa sosai, sai layin ya fara lanƙwasa, ya yi dama, ya yi hagu, kamar sawun maciji a kan yashi. Ba kullum ba. Wata rana ya miƙe, wata rana ya karkace.

Shef ɗin tashar na wancan lokaci, wato shugabanta, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya duba takardar ya ce, "Ƙullinka ne. Wannan ɗaurin jaki ne, akwatin yana lilo." Muntaka ya bar ƙullin kakansa, ya koyi na littafi. Layi ya ci gaba da karkacewa. Ya tsawaita igiya, ya gajarta ta, ya ƙara iska, ya rage. Duk ɗaya. Sai shef ya ce, "To hannunka ne. Yana rawa lokacin da za ka saki. Kalas, magana ta ƙare."

Muntaka ya koma gida yana juya hannunsa, yana kallon gaba da bayansa. Shi dai bai ga rawa ba. Amma layi ga shi a karkace, shef kuma ya yi karatu, saboda haka lalle akwai rawar da ido ba ya gani. Ya yi ta tunanin abin da yake sa hannun saurayi lafiyayye ya yi rawa da sassafe, bai sami komai ba sai shayi, koren nan mai kauri da yake sha kafin ya hau keke. Washegari ya bari.

Inna Habiba, matarsa, ita ta ba ni wannan labarin. Ta ce, "Ina amarya na kai masa shayi, ya tura min tiren a hankali ya ce, Habiba, ki yi haƙuri, yana ɓata min aiki. Na shiga ɗaki na yi kuka, na zaci nawa ne bai yi daɗi ba. Na canza ganye, na canza buta. Sai da na ga ko na mahaifiyarsa ba ya sha, sannan hankalina ya kwanta." Na tambaye ta ko layin ya miƙe bayan ya bari. Ta ce, "Wata rana ya dawo da fara'a ya ce ya miƙe. Wata rana ya dawo shiru. In ya dawo shiru, sai ya tambaye ni ko na sa wani abu a kunu."

A nan ne raina yake ɓaci. Shugabanni sun zo sun tafi a wannan tasha, kowa ya gaji maganar daga na gabansa, cewa hannun Muntaka yana rawa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ko ni da ban san aikin ba zan tambaya: wane irin hannu ne wannan da ya fi rawa da damina, washegarin babban hadari, sannan ya samu sauƙi da rani? Mun iya cewa "haka nan yake". Da ita muke rufe kowace tambaya, a ofis da makaranta da gida, mu kaɗe riga mu tafi. Ana ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifi ne don shi ne ba ya musu.

Akwai hanyar da zai bi ya huta, kuma an nuna masa ita. Gado, maigadin tashar, yana tsaye bakin ƙofa ranar da shef ya miƙa wa Muntaka rula ya ce ya riƙa miƙar da layin kafin a aika da shi, kowa ma haka yake yi idan na'ura ta yi shirme. Gado ya ce Muntaka ya karɓi rular, ya juya ta, ya mayar a kan tebur. Ya ce, "Shef, in laifina ne, a bar shi a gani. Ni ban je can sama ba, ba zan rubuta abin da akwatin bai faɗa ba." Haka ya ci gaba da aika layukansa a karkace, da sunansa a ƙasa. Duk lokacin da aka zo ƙarin girma, sai a tuna da hannunsa. Waɗanda ya koya wa hura balo sun zama shugabanninsa, ya gaishe su da girmamawa, ya koma rumfarsa.

Baba Muntaka, kai ne ka yarda da laifin da ba ka gani ba, amma ka ƙi yarda ka ɓoye shi. Na daɗe ina neman wanda ya haɗa waɗannan biyun, ban samu ba sai kai.

A farkon daminar bana wata mata ta sauka daga kan babur a ƙofar tashar, da jaka a kafaɗa. Sunanta Malama Zaliha, 'yar unguwar Dembe ce, ta yi karatu a waje a kan samaniya ta dawo tana koyarwa. Ta tambayi Gado inda za ta ga mai sakin balo. Da Baba Muntaka ya fito, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, kai ne kake aiko da layukan nan masu lanƙwasa?"

Ya zaci an turo ta bincike ne kafin a sallame shi. Ya ce, "Ni ne, 'yata. Na yi iya ƙoƙarina. Na canza ƙulli, na bar shayi. A rubuta cewa ban yi da gangan ba."

Ta tsaya tana kallonsa. "Shayi kuma, Baba?"

"Saboda hannun."

"Wane hannu?"

Sun ɗauki lokaci a haka, kowa yana magana ɗayan bai gane ba. Daga ƙarshe ta nemi kujera ta zauna, ta ce ita ba laifi ta zo nema ba, lanƙwasar ce take nema, ta yi shekaru tana bin ta. Ta ce ya tuna yadda ruwan Shari yake yi idan kwalekwale ya wuce, yana tashi yana kwanciya har ya kai gaɓar garin Kuseri da ke tsallake. Iska ma haka take. Idan babban hadari ya taso daga gabas, yakan tunkuɗa iskar da take bisansa sama da ƙarfi. Iskar tana da nauyi, sai ta faɗo, ta wuce gurbinta, ta sake tashi. Wannan kaɗawar ba ta tsayawa a wurin, tana tafiya gefe, tana kuma hawa sama. Balo idan ya ratsa ta, zai ji sanyi, ya ji ɗumi, ya sake jin sanyi, shi ne layin yake yin dama da hagu.

Baba Muntaka ya ce, "Amma sama garau take lokacin da nake saki. Hadarin ya wuce tun jiya."

"Ya wuce, ko yana can nesa inda ba ka ganinsa. Kaɗawar ba ta buƙatar gajimare."

"To ina take zuwa?"

Ta ce nan ne abin ya dame ta. Iska tana ƙara raguwa gwargwadon hawa, saboda haka kaɗawar da ta fara ƙarama sai ta yi ta girma, kamar yadda bakin bulala ya fi gindinta gudu. Da yawa tana watsewa a hanya. Wadda ta tsira takan kai can wani yanki mai nisa ƙwarai, ninkin-ba-ninkin inda balonsa yake fashewa, inda hasken rana yake sa wa iska lantarki. Iyonosfiya sunan wurin. A jikinsa muryar rediyo mai gajeren zango take buguwa ta dawo ƙasa, ta cikinsa kuma saƙon tauraron ɗan'adam yake ratsowa zuwa wayoyinmu. Idan kaɗawa ta girgiza wurin, murya takan dishe, taswirar waya ta ɗan kauce.

Baba Muntaka ya ce, "Wato hadarin da ya yaye min kwanon ɗaki, shi ne yake hana Alhaji Mijinyawa jin labarai a rediyo?"

Ta ce, "Wani lokaci. Ba kullum ba. Rana ma tana nata aikin a can. Ni kaina ban san wane kaso ne namu na ƙasa ba, shi ya sa na zo."

Wannan amsa ta ƙara rikita shi. Duk masu karatun da ya sani a da, da tabbaci suke magana. Ga wata ta zo tana cewa ba ta sani ba, kuma wai ita ce za ta wanke shi. Da yamma ya kai maganar shagon Alhaji Mijinyawa, ya yi ƙoƙarin bayani, ya haɗa kwalekwale da bulala da rediyo har shi kansa ya ɓata. Alhaji ya ajiye almakashi ya ce, "Tsaya, Mai balo. Sama tana da ruwa ne?"

"Ba ta da shi. Kamar ruwa ne."

"Amma tana kaɗawa."

"Haka ta ce."

"Kai ka ga kaɗawar?"

"Ita ma ba ta gani ba. Wai ni ne na gani."

"Kai da ba ka sani ba?"

"Ni da ban sani ba."

Alhaji ya ce, "Ni dai abin da na fahimta, rediyona kai kake ɓata min ita. Shekara talatin kana soka wa sama abu, dole ta motsa."

Baba Muntaka bai yarda da maganar Malama Zaliha ba, bai kuma ƙaryata ta ba. Ya gaya wa Inna Habiba cewa yarinyar tana da ladabi, wataƙila tausayinsa ta ji. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuhumar hannunsa ba a wanke shi da baki. Malama Zaliha ta gane haka. Ta ce za ta zo da nata balon, da nata akwatin, da na'urar da za ta karɓi labarinsa. Washegarin duk ranar da aka yi babban hadari, za su saki biyu tare, ita ta ɗaure ɗaya, shi ya ɗaure ɗaya. In nasa kaɗai ya karkace, to hannunsa ne, za ta ba shi haƙuri ta tafi.

Hadarin ya zo wata la'asar, irin mai tumɓuke rumfunan kasuwa. Da safe na bi su tashar, na tarar Alhaji Mijinyawa ya riga ni, ya zo da buta da murhun gawayi, wai ya zo kallon yadda za a kama ɓarawon rediyonsa. Gado ya sa shi ya kai murhun can bakin katanga, nesa da rumfar da ake hura balo, domin iskar balon tana kama wuta. Malama Zaliha ta ɗaure nata da ƙullin littafi. Baba Muntaka ya riƙe igiyarsa ya daɗe bai ɗaura ba. Sai ya ce, "'Yata, tunda gwaji ne, a gwada duka." Ya yi ƙullin kakansa. Yatsunsa ba su manta ba. Suka fita fili, suka tsaya nesa da juna, suka saki.

Muka shiga ɗaki muka tsaya a bayan kwamfutoci biyu. Layuka suka fara hawa sumul, kafaɗa da kafaɗa. Babu mai magana sai Alhaji da yake leƙowa ta taga yana tambaya ko an kai. Baba Muntaka ya ɓoye hannuwansa a cikin aljihu. Da tafiya ta yi nisa, layinsa ya karkata hagu. Ba a jima ba, na Malama Zaliha ma ya karkata hagu. Nasa ya dawo dama, nata ya bi shi. Haka suka yi ta tafiya, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar mutum da inuwarsa, har balon farko ya fashe.

Na zaci zai yi murna. Sai ya ja kujera ya zauna, yana kallon wannan fuska yana kallon waccan. Ya ce, "Ke ma hannunki yana rawa?"

"A'a, Baba."

"Ƙullin kakana fa?"

"Ba shi da laifi."

Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya shirya mata. "To ranakun da layin ya miƙe fa? Na ɗauka ranakun ne na yi aiki da kyau."

Malama Zaliha ta ce a hankali, "Ranakun nan sama ce ta kwanta, Baba."

"Wato da na karkace da na miƙe, duk ba ni ba ne."

"Naka shi ne ba ka taɓa su ba. Da ka miƙar da su da rula, da yau ba ni da abin da zan gwada da na can sama."

Ya gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta gama shigarsa ba. A safiya ɗaya aka ɗauke masa laifinsa, aka kuma ɗauke masa ɗan abin da yake alfahari da shi a ɓoye. Ya fito waje, ya ɗaga kai. Sama shuɗiya ce tas, ba ko ɗigon gajimare, kuma wai tana tashi tana kwanciya.

Alhaji Mijinyawa ya zo da ƙaramin kofi a kan tire, kumfa ta cika shi. Bai yi tsokana ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Karɓi, Muntaka." Baba Muntaka ya dubi Malama Zaliha kamar mai neman izinin likita. Ta ce, "Sha abinka, Baba." Ya miƙa hannu ya ɗauka, sai ga hannun yana rawa, rawa ta gaske, har shayin ya zuba a yatsunsa. Ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Ashe haka rawar hannu take. Ban taɓa ganinta ba sai yau."

Ya kurɓa. Ya ɓata fuska. "Alhaji, sukari ya yi yawa. Ba haka na san shi ba."

Alhaji ya ce, "Shayi yana nan yadda ka bar shi. Kai ne ka tsufa a banza." Ya juya baya yana gyara gawayin da ba ya buƙatar gyara.

Baba Muntaka, na Habiba, jikan mai ƙulli, mai aiken da ba ya dawowa, mun gode. Mun gode da safiyoyin da ka fita cikin ruwa da taɓo don ka saki abin da kake tsoron zai sake kunyata ka. Har yau in aka tambaye ka menene iyonosfiya sai ka kawo kwalekwale da bulala ka ɓata a tsakiya, ni ma da na rubuta wannan ba zan rantse na gane duka ba. Amma kai ka riƙe bakin abin daga ƙasa ba tare da ka san yana da wani baki a sama ba, kuma ba ka yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, da ku masu kujera a ofisoshi, ina roƙonku abu biyu. Idan layi ya zo muku a karkace, a asibiti ne, ko a aji, ko a wurin gini, ku ajiye rula. Idan kuma za ku ce wa na ƙasa da ku laifinsa ne, ku fara sakin balo na biyu. Gwajin da ya wanke wannan dattijo safiya ɗaya ya ci. An bar shi yana jiransa shekara talatin saboda ba wanda ya ga ya cancanci a ɓata balo ɗaya a kansa. Har yanzu kuma ba a sami wanda zai gaje shi a rumfar ba, domin matasanmu sun ce aikin yara ne. Malama Zaliha tana nema. Tashar tana nan inda take.

Ranar da ya koma gida bayan gwajin, ya ce wa Inna Habiba ta ɗora buta. Ta dube shi, ta ce, "Malam, aikin fa?" Ya ce, "Wai ba ni ba ne, sama ce." Ta ce ita ba ta gane ba. Ya ce shi ma haka. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatinta, ta fito da tiren nan na amarci, ta goge shi da bakin zaninta.